Shago a kulle, kuɗi a kansil: yadda ake neman tallafin gyaran shago a Birtaniya

Wanda ya zauna a Birtaniya ya san wannan gani. Ka sauka daga bas a tsakiyar gari, a babban titin kasuwa da suke kira High Street, ka fara ƙirga ƙofofi: wannan na sayar da waya, wancan na aski, na gaba a kulle, an shafe gilashinsa da farin alli, wasiƙu sun taru a bakin ƙofa har sun yi ƙura. A ƙarshen 2024 gwamnati da bakinta ta ce kusan shago ɗaya cikin bakwai a irin waɗannan tituna babu kowa a cikinsa. Manyan kantuna sun yi ta faɗuwa, Woolworths a farkon 2009, BHS a 2016, Debenhams a 2021, Wilko a 2023. Cinikin intanet ya ci rabonsa, korona ta zo ta ƙara gishiri.

Mu da muka taso inda samun rumfa a Kantin Kwari sai mai ƙashin arziki, abin yakan ba mu mamaki: ga shago a bakin titi, shekara biyu ba mai so, har hukuma na neman wanda za ta ba kuɗi ya gyara ya shiga. Gaskiya ne, kuɗin suna nan. Na kuma ga 'yan uwanmu da dama, masu ɗinki, masu abinci, masu kayan masarufi na gida, sun nema sun rasa, alhali sana'arsu ba ta da aibu. Abin da ya kayar da su shi ne sun sa na gaba a baya.

Wane irin kuɗi ne wannan?

Abubuwa uku ne halin wannan tallafi kusan a kowane gari, kuma duk sauran jagorar nan a kansu ta tsaya.

Na ɗaya, a baya yake zuwa. Kai za ka biya masu aiki daga aljihunka, ka kai shaida, sannan a mayar maka da kason da aka amince. Na biyu, ba ya ɗaukar aikin duka. Ana so ka zuba naka, sau da yawa rabi, wani wurin ƙasa da haka. Na uku, wanda ya fi kayar da mutane, ba ya biyan aikin da aka fara kafin wasiƙar amincewa ta fito. Ko ƙusa ka buga kafin ranar da ke jikin wasiƙar, kuɗin wannan ƙusar sun zama naka.

Akwai wani ɗan uwa da na taya cike fom, mai ɗinki ne, hannunsa na da kyau ƙwarai. Ya karɓi makulli ranar Litinin, zuwa Juma'a ya sa an cire tsohuwar kanta, an ja sabbin wayoyin wuta, domin a cewarsa haya na tafiya, ba zai zauna yana kallon bango ba. Da jami'ar kansil, wato ƙaramar hukumar garin, ta zo duba shagon ta ga aiki ya yi nisa, sai ta ce madalla, amma duk abin da aka riga aka yi ba ya cikin lissafi. Allon suna da fentin waje kaɗai ya samu.

Duba takardar zamanka tukuna

Wannan gajere ne amma ba a tsallake shi. Bizar ɗalibi ba ta yarda mutum ya buɗe kasuwancin kansa ba. Bizar da ake ba wanda ya gama karatu ta yarda. Mai bizar aiki a ƙarƙashin wani kamfani yana da iyaka mai tsauri kan aikin gefe. Wanda ke da izinin zama na dindindin ko fasfon ƙasar ba shi da wannan matsalar. In kana tsakiya, ga lauyan shige da fice kafin ka ga dillali. Sannan ka yi rajistar sana'arka, ko a matsayin mai zaman kansa a wurin HMRC, hukumar haraji, ko ka kafa kamfani a Companies House, ofishin rajistar kamfanoni, ka kuma buɗe asusun banki na sana'ar daban da na cefane.

Inda kuɗin suke

Babu wani ofishi guda a Landan da ake zuwa a ce a ba ni tallafin shago. Gwamnatin tsakiya takan ware kuɗi da wani suna, ta raba wa ƙananan hukumomi, wato kansil, kowace kansil ta tsara nata shirin da nata sharuɗɗan. Sunayen suna sauyawa kamar yayin atamfa. An yi Future High Streets Fund, wanda a Disamban 2020 aka sanar da raba kimanin fam miliyan 830 ga wurare 72 a Ingila. An yi shirin Historic England, hukumar kula da kayan tarihi ta Ingila, na fam miliyan 95 don tsofaffin titunan kasuwa masu tarihi fiye da sittin, ya ƙare a 2024. Sai UK Shared Prosperity Fund na fam biliyan 2.6 da aka ƙaddamar a 2022 a madadin kuɗin Tarayyar Turai, aka ƙara masa fam miliyan 900 na shekarar 2025 zuwa 2026. Daga cikinsa ne kansiloli da yawa suka riƙa fitar da tallafin gyaran shago. Kada ka wahalar da kanka da haddace sunaye. Ƙofar dai ɗaya ce, sashen bunƙasa tattalin arziki na kansil ɗin garin da shagon yake.

Shiga shafin kansil ɗin ka nemi tallafin shagunan da ba kowa ko na gyaran fuskar shago. In ba ka gani ba, kira su, domin shafukan kansil sukan yi baya da labari. A Ingila kowane yanki yana da Growth Hub, a Scotland akwai Business Gateway, a Wales akwai Business Wales. Duk suna ba da shawara kyauta kuma sun san wane shiri ne a buɗe. Wales tana da shirin Transforming Towns tun 2020, wanda ban da tallafi har rance marar ruwa ake bayarwa ta hannun kansil don raya gine-ginen tsakiyar gari. Kansil ɗin Belfast ya yi nasa mai suna Vacant to Vibrant, inda tallafin ya kama daga fam 2,500 zuwa 25,000. Wannan zai nuna maka girman abin: a mafi yawan garuruwa dubbai ne kaɗan zuwa 'yan dubbai goma, kuɗin gyara ne, bai kai jari ba.

Ka kuma lura da kalanda. Shekarar kuɗin kansil tana farawa 1 ga Afrilu ta ƙare 31 ga Maris. Shirye-shirye da yawa suna buɗewa bayan Afrilu, suna rufewa da zarar tukunya ta ƙare, kuma suna so a gama aiki a kai rasit kafin Maris. Wanda ya nema a Janairu yana tsere da lokaci.

Da ka samu shirin, sauke takardar sharuɗɗansa ka karanta daga farko har ƙarshe, da biro a hannu. Sannan ka nemi ganin jami'in da ke kula da shi. Zuwa da kai ya fi saƙo. Waɗannan jami'ai ana auna aikinsu da yawan shagunan da suka buɗu, saboda haka suna son ka yi nasara, kuma a hira ta minti ashirin za su faɗa maka abin da fom ba zai faɗa ba.

Zaɓen shagon

Tambaya ta farko: shagon yana cikin taswira? Kowane shiri yana da iyakar da aka zana, wani lokaci titi ɗaya, wannan ɓangaren yana ciki, tsallaken titi yana waje. Ta biyu: ya yi tsawon lokacin da ake buƙata a kulle? Wasu suna cewa wata uku, wasu shida, wasu shekara. Kansil tana da shaidar haka a kundin harajin shaguna, saboda haka faɗin dillali ba hujja ba ce.

Sai batun irin sana'ar da aka halatta a ginin. Tun 1 ga Satumban 2020, a Ingila an haɗe kanti, gidan abinci da ake zama a ci, ofis, wurin motsa jiki da makamantansu a rukuni ɗaya mai suna Class E, kuma sauyawa daga wannan zuwa wancan a cikin rukunin ba ya buƙatar izini. To amma abinci mai zafi da ake saya a tafi da shi ba ya cikin rukunin. Mai niyyar gasa tsire ko suyar masa da yawancin cinikinta na ƙunshi ne a tafi gida, tana buƙatar izinin sauya amfani da gini, kuma bututun fitar da hayaƙi ma kusan kullum sai da izini, musamman in akwai masu kwana a saman shagon. Sauran sassan Birtaniya suna da nasu tsarin, sai a tambayi sashen tsara gari.

Ka bincika ko ginin yana cikin jerin gine-ginen tarihi ko unguwar da ake kare kamanninta. In haka ne, aiki zai yi tsada kuma zai yi jinkiri: tagar katako sai a maye ta da katako, ba roba ba. Taɓa ginin tarihi ba tare da izini ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Ta wani gefen kuma, irin waɗannan gine-gine su ne suka fi samun kaso mai tsoka.

Abu biyu da ido ba ya gani. Asbestos, wanda a gida muka saba ganinsa a silin ba tare da wani tsoro ba, a nan an haramta shi gaba ɗaya tun 1999 saboda ƙurarsa na jawo cutar daji a huhu. Duk ginin da aka yi kafin 2000 ana ɗauka yana iya ƙunsarsa, kuma kafin a fasa bango ko silin doka ta ce a bincika. Tambayi mai ginin rahoton da yake da shi. Na biyu, takardar ingancin makamashi, EPC. A Ingila da Wales, tun Afrilun 2023 ba a yarda a ci gaba da ba da hayar ginin kasuwanci da makinsa ya gaza E ba, sai in yana da uzuri a rajista. Wannan nauyin mai gini ne. Kada ya lallaɓa ya ɗora maka.

In za ka iya, biya ƙwararren mai duba gini ya zagaya kafin ka sa hannu. Shagon da ya shekara biyu a kulle a ƙasar da ruwan sama ba ya hutawa, rufinsa da bangonsa suna da labari.

Mai gini da yarjejeniyar haya

A nan ake cin riba, a nan kuma ake karyewa, saboda haka zan ɗan daɗe.

Ka fara da sanin ƙarfinka. A Ingila, shagon da ya zama kango ana yafe masa harajin shago na wata uku kacal, daga nan mai ginin ne ke biya cikakke, ban da 'yan kaɗan irin ginin tarihi. Ke nan kowane wata da ƙofar take kulle, aljihunsa na zuba. Ƙari a kan haka, tun 2 ga Disamban 2024 dokar Levelling-up and Regeneration Act ta 2023 ta ba kansilolin Ingila ikon yin gwanjon hayar shagon da ya yi fiye da kwana 365 a kulle cikin wata 24, a ba wani haya ta shekara ɗaya zuwa biyar, ko mai ginin ya so ko bai so ba. Bassetlaw, Darlington da Mansfield suna cikin waɗanda suka fara ɗaukar wannan hanya. Ba kowace kansil ke amfani da ikon ba, amma masu gine-gine sun san da shi. Kai da ka zo da shirin gyara masa gini da kuɗinka da na hukuma, ba roƙo ka zo ba. Yi ciniki kamar yadda aka koya maka a gida.

Me za ka nema? Watannin farko ba haya, aƙalla tsawon lokacin gyara. Damar fita daga yarjejeniyar a tsakiya, misali bayan shekara biyu ko uku, in kasuwa ba ta karɓa ba. Da kuma rubutaccen izinin mai gini kan aikin da za ka yi, domin kansil za ta nema.

Sai babban ramin. Yawancin hayar shaguna a Birtaniya tana ɗora wa ɗan haya gyaran ginin duka da kuɗin inshorarsa. Ma'ana, in ka karɓi shago da rufi mai yoyo, ranar da za ka fita ana iya miƙo maka lissafin sabon rufi, kuma kotu ta goyi bayan mai gini. Maganinsa a yi rubutaccen bayanin halin da ginin yake ciki, da hotuna, a liƙa shi a jikin yarjejeniyar, a rubuta cewa ba za ka mayar da shi a yanayin da ya fi wannan ba. Ka kuma tambayi lauyanka ko hayar tana ƙarƙashin kariyar dokar Landlord and Tenant Act ta 1954, wadda a Ingila da Wales ke ba ɗan haya haƙƙin sabuntawa in wa'adi ya cika. Masu gine-gine da yawa suna cire wannan kariyar. In an cire, kana iya gyara shago, ka tara masu ciniki shekara biyar, a ce maka sai anjima.

Tsawon hayar ma yana da alaƙa da tallafin. Kansil ba za ta zuba kuɗi a shagon da za ka bari bayan wata shida ba; yawanci tana so a ga saura shekara biyu, uku ko biyar. Duba lambar da ke cikin sharuɗɗan kafin ka daidaita da mai gini.

Ga kuma ƙullin da ke rikita kowa. Kansil tana cewa kawo shaidar haya kafin mu duba buƙatarka. Kai kuma ba ka son ɗaure wuyanka da hayar shekara biyar alhali ba ka san ko za a ba ka tallafin ba. Hanyar kwance shi ita ce a rubuta manyan sharuɗɗan da kuka amince a takarda guda, wadda ba ta ɗaure kowa ba tukuna, a kai wa kansil; da yawa suna karɓar wannan a matakin nema, su ce a kawo cikakkiyar yarjejeniya kafin biya. Ko kuma lauya ya tsara alƙawarin haya mai sharaɗi, wanda ba zai fara aiki ba sai izinin tsara gari ya fito. Tambayi jami'in wanne suke karɓa, kuma amsar ta zo a rubuce ta imel.

Lauya dai ka ɗauki naka, wanda ya san hayar kasuwanci. Na san muna da al'adar yarda da baki da musafaha, kuma al'ada ce mai kyau. A nan takarda ce ke magana, ita kaɗai.

Izini

Sabuwar fuskar shago tana buƙatar izinin tsara gari. Allon suna mai fitila yakan buƙaci nasa izinin daban. Aikin da ya taɓa ginshiƙi, hanyar tsira daga gobara, magudanar ruwa ko bayan gida yana bi ta hannun masu duba ƙa'idar gini. Ƙaramar buƙata ana sa ran yanke mata hukunci cikin mako takwas, amma ka sa wa ranka fiye da haka. Wani abu da ke ba 'yan kasuwarmu haushi: ƙofar ƙarfe ta ja, wadda ke rufe shago ruf daga waje, kansiloli da yawa ba sa yarda da ita, suna cewa tana mayar da titi kamar kurkuku da dare. Mai raga da ake sawa ta cikin gilashi ita ce ke wucewa da sauƙi. Mai sayar da abinci kuma ya yi rajista da kansil aƙalla kwana 28 kafin buɗewa, kyauta ne.

Ƙiyasi da lissafi

Za a nemi takardun ƙiyasin kuɗin aiki daga 'yan kwangila daban-daban, galibi biyu ko uku ga kowane aiki. Ka rubuta bayanin aikin sau ɗaya, ka ba kowannensu iri ɗaya, don a iya kwatantawa. Kowace takarda ta zo da sunan kamfani, adireshi, kwanan wata da farashin kowane sashe daban. Saƙon WhatsApp da ke cewa zan yi duka a dubu takwas ba ƙiyasi ba ne. In ɗaya daga cikinsu ɗan uwanka ne ko surukinka, faɗa tun farko. Wasu shirye-shiryen sun hana, kuma ɓoyewa in ta tonu ta fi ƙin amincewa muni. Mai aikin gas dole ya kasance cikin rajistar Gas Safe, mai aikin wuta ya zama wanda zai iya ba da takardar shaida.

Abin da tallafin ke ɗauka yawanci shi ne abin da zai zauna a ginin ko ka tafi: fuskar shago, tagogi, ƙofa, wayoyin wuta, famfo, daɓe, silin, hanyar shigar keken guragu, allon suna. Abin da ba ya ɗauka: haya, albashi, kayan sayarwa, mota, bashi. Keken ɗinki, firji da tukwane suna tsakiya, wani wurin a karɓa, wani wurin a ƙi.

Bari mu buga misali. A ce aikinka fam 24,000 ne, shirin kuma yana biyan rabi amma ba ya wuce fam 10,000. Rabin 24,000 shi ne 12,000, sai dai 10,000 za ka samu. Harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari zai ƙara 4,800, jimla 28,800. Wannan 28,800 ɗin ita ce za ta fita daga hannunka tukuna, kafin fam ɗaya ya dawo. Ban sa kuɗin ajiya na mai gini ba, ban sa lauya, inshora da kayan da za ka zuba a kanta ba, ban kuma sa abin da za a tarar in an buɗe bango ba, wanda ya kamata ka ware masa aƙalla kashi goma cikin ɗari. Mai rajistar VAT zai karɓo harajinsa daga HMRC, don haka kansil ba ta lissafa masa shi. Rajistar ba ta zama dole sai cinikin shekara ya wuce fam 90,000, amma ana iya yin ta da son rai. Wannan shawara ce ta akanta.

In lissafin ya nuna cewa in babu tallafin, shagon ba zai tsaya da ƙafarsa ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daga ina naka kason zai fito? Za a nemi bayanan banki na 'yan watanni. Da yawanmu adashi muke yi, ko ɗan uwa ya turo daga gida, kuma babu laifi a ciki, amma kuɗi masu yawa da suka faɗo asusu dare ɗaya ba bayani suna tayar da tambaya a banki da wurin lauya. Ku riƙa zubin adashin ta banki, uwar adashi ta ajiye rubutaccen jerin zubi da kwasa, wanda ya ba ka kyauta ko rance ya rubuta wasiƙa ya sa hannu. Akwai rancen Start Up Loans na gwamnati, daga fam 500 zuwa 25,000, sai dai yana da ruwa, abin da da yawa daga cikinmu ke gudu. Tallafin kansa ba rance ba ne, babu riba a kansa.

Fom ɗin

Mai karanta fom ɗinka yana da tambayoyi uku a ransa: shagon zai buɗe, zai daɗe, kuma titin zai amfana? Amsa su da lambobi. Mutum nawa za ka ɗauka aiki, cikakken lokaci ko rabi. Kwana nawa a mako za ka buɗe, daga ƙarfe nawa zuwa nawa. Su wa za su zo, kuma me ya sa ka san za su zo. In shekara biyu kina dafa abincin biki da suna daga gida, ko kana ɗinki a ɗaki kana aikawa ta gidan waya, wannan ita ce hujjarku mafi ƙarfi. A kawo lissafin cinikin. Ka nuna cewa masu sayenka suna tahowa daga wasu garuruwa, domin abin da kansil ke ƙishirwa ke nan, ƙafafun da za su taka titin su leƙa shagon maƙwabci.

Tawali'u irin namu ba ya aiki a fom, cika baki ma haka. Kada ka yi alƙawarin ma'aikata shida in biyu za ka iya, domin abin da ka rubuta zai koma sharaɗi a wasiƙar amincewa. Haɗa da hasashen shige da ficen kuɗi na wata 12 zuwa 24, hotunan shagon ciki da waje, zanen yadda zai koma, izinin mai gini da takardun ƙiyasi. Za ka kuma sa hannu cewa tallafin hukuma da sana'arka ta samu bai wuce fam 315,000 cikin shekarun kuɗi uku ba, ƙa'ida ce ta dokar Subsidy Control Act ta 2022. Ƙaramin ɗan kasuwa ba zai kusanci wannan ba, amma ka lissafa duk abin da ka taɓa karɓa. In kansil tana binka harajin gida ko na shago, biya kafin ka miƙa, suna dubawa.

Sai jira. Makonni ne, wani lokaci watanni. Hannu a aljihu.

Bayan wasiƙa ta fito

Karanta ta, sa hannu, mayar musu, ka tabbatar sun karɓa, sannan a fara aiki. Ɗauki hoto kafin aiki, ana cikin aiki da bayan an gama. Kowane biya ya bi ta asusun sana'a zuwa asusun kamfanin da sunansa ke kan ƙiyasin. Ɗan kwangila zai iya raɗa maka cewa in ka ba shi tsaba a hannu zai rage. Wannan ragin zai cinye maka tallafin sashen gaba ɗaya, domin kansil tana son ganin takardar neman biya da layin banki da ya dace da ita, fam da fam. In an buɗe bango aka ga abin da ya sauya aikin, ko ɗan kwangila ya gudu ka nemo wani, rubuta wa jami'in ka jira amsa kafin ka ci gaba. Ƙarin kuɗi dai da wuya a ƙara maka. Abin da ke cikin wasiƙa shi ne iyaka. In aikin babba ne, tambaya tun farko ko za a biya ka kashi-kashi, hakan na sassauta wuya ƙwarai.

Da an gama, za su zo su duba, ka miƙa takardun shaida na wuta, gas da masu duba gini, sannan kuɗi su shigo. Faɗa wa akantanka, domin tallafin yana shiga lissafin haraji.

Ranar da ka karɓi shagon, harajinsa ya dawo kanka, kuma rangwame ba ya zuwa da kansa, sai an nema. A Ingila, in ƙimar hayar da hukuma ta yi wa shagon ba ta wuce fam 12,000 ba kuma shi kaɗai gare ka, ba ka biyan komai. Daga nan zuwa 15,000 rangwamen na raguwa. A Scotland akwai Fresh Start, yafewar shekara guda ga wanda ya shiga shagon da ya yi wata shida a kulle. Ireland ta Arewa ta yi Back in Business, ragin rabi har shekara biyu. Ga ƙaramin shago, wannan rangwamen a 'yan shekaru yana iya fin tallafin gyaran kansa. In ka ɗauki ko mutum ɗaya aiki, inshorar ma'aikata ta aƙalla fam miliyan 5 wajibi ce, haka ma rubutaccen binciken haɗarin gobara a Ingila da Wales.

Saura sharaɗin da ke can ƙasan wasiƙar, wanda mutane ke mantawa da shi da zarar kuɗi sun shigo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in ka rufe shagon, ka sayar da sana'ar ko ka sauya abin da ake yi a ciki kafin wa'adin da aka gindaya, galibi shekara uku zuwa biyar, kansil na iya neman kuɗinta, duka ko wani kaso. Daidaita wannan wa'adin da ranar da yarjejeniyar haya ta ba ka damar fita, kada ɗaya ta buɗe maka ƙofa ɗaya ta riƙe maka riga. Rubuta ranakun biyu a bangon fayil ɗin da ka tara rasit, ka ajiye shi aƙalla shekara shida, domin masu binciken kuɗi suna iya ƙwanƙwasa ƙofa bayan fentin ya daɗe da bushewa.